Rasuwar Baturiya, Jakar Barcin Sale Direba

Da zuciya cike da baƙin cikin da har yanzu ban sami inda zan sauke shi ba, ni Sale Umar, direba, mazaunin Lugbe ta bayan masu katako, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan aiki da duk wanda sanyin asuba ya taɓa ritsawa da shi a kan dutse, rasuwar jakar barcina, wadda direbobin kamfaninmu suka fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a ɗakin sanyin masu kifi, ina kwance a cikinta, bayan gajeriyar jinya mai tsanani. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Da sauran ƙarfinta.

Ta rasu ana gab da tafiyarmu Mambila. Wanda ya san ni ya san abin da wannan tafiya take nufi a wurina. Shekara da shekaru ke nan ina jan babbar motar kamfanin da ke kafa ƙarafan sabis na waya a kan tsaunuka, amma a matsayin direban wucin gadi: in akwai aiki a kira ka, in babu ka zauna a gida kana duba waya ko ta lalace ne. An yi mana alkawarin cewa duk direban da ya yi aikin Mambila har ƙarshe za a ba shi takardar dindindin. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, kowa ya zo da abin kwanan da zai riƙe masa ɗumi. Nawa ne ya mutu.

Ba mu san ƙasar da aka haifi marigayiya ba. Akwai 'yar takarda a ɗinke a wuyanta da rubutun da ba Turanci ba, ba Faransanci ba, sai wata lamba da alamar ragi a gabanta, wadda wani injiniya ya ce mini tana nufin ko ruwa ya daskare a kofi, wanda ke cikinta ba zai sani ba. Ta shigo ƙasar nan a cikin dilar gwanjo, tsakanin rigunan sanyi da labule, kamar yadda manyan baƙi da yawa suke shigowa ba wanda ya tarye su.

Haɗuwarmu ta biyo bayan wahala. A shekarun da waya ta shiga hannun kowa, har mai shayi yana cewa a yi masa filashin, kamfani ya tura mu wani tsauni a gefen Pankshin. A irin wannan aiki injiniya ne ke kwana a gaban mota. Direba da lebura a ƙasa suke kwana, kusa da kaya, don kada a wayi gari a ga babu waya babu batir. Na tafi da bargona mai hoton damisa, ina taƙama da shi. Kafin asuba raɓa ta jiƙa shi ya koma kamar tsumman goge mota. Aka sauko da ni a bayan fikof zuwa asibiti, ina jin kamar an soka mini wuƙa a haƙarƙari. Da likita za ta sallame ni, sai ta ce, "Malam Sale, huhunka ya yi maka gargaɗi sau ɗaya. In ka sake kwana cikin irin wannan sanyin, ba wurina za a kawo ka ba."

A wancan tsaunin na ga wani Bature injiniya yana shiga wata doguwar jaka ya ja zif, da safe ya fito yana share gumi. Hotonta bai bar idona ba. Da na sami ƙafa, sai na nufi kasuwar Karmo ranar Talata, na bi layin 'yan gwanjo ina ɗaga kaya ina ajiyewa, har na iso rumfar wani mai suna Abraham. A ƙarƙashin tulin zanen gado na hango ta, ruwan goro, ta dunƙule kamar mai jin kunya.

Abraham ya ce, "Oga, wannan bargo ne, amma tela ya lalata shi, ya ɗinke baki. Ba wanda yana so. Ɗauka ka ba ni abin da Allah ya hore."

Na ba shi abin da bai kai kuɗin takalmin Sallah ba. Na rungume ta na fita da sauri, ban waiwaya ba, don kada fuskata ta tona mini asiri.

Ga masu neman irinta, waɗanda ba su da kuɗin shiga kantin gilashi, zan faɗi halayenta, ko Allah zai sa wani ya dace. In ka matse ta a hannu ta ƙanƙance kamar burodi, da ka saki sai ta tashi da kanta, tana cewa fuuu a hankali, kamar mai ajiyar zuciya. Wadda ka matse ta kwanta ba ta tashi ba, bar ta, ta riga ta mutu a hannun wani. In ka ɗaga ta ga rana ba ka ganin haske ta ko'ina, domin lallausan gashin agwagwar da ke cikinta a rabe yake ɗaki-ɗaki, kowane da ɗinkinsa. Tana da faɗi a kafaɗa, ta tsuke a ƙafa, ba ta barin fili wa iska. Tana da hula mai igiya, in ka ja sai hancinka kaɗai ya rage a duniya. Bayan zif ɗinta akwai wani leɓe mai kauri da ke tare sanyin da ke bi ta haƙora. Tsawonta daidai da nawa, kamar an gwada ni. Abu ɗaya kawai ta taɓa nema a wurina: in shimfiɗa mata tabarmar roba, domin sanyin da ke tasowa daga ƙasa ya fi na sama mugunta.

Ba ta da yawan magana. In na shiga ta ce zuuur. In na juya ta ce shaf, shaf. Ba ta taɓa tambayata yaushe za a tabbatar da ni a aiki ba.

Mun yi Kagoro tare, mun yi Shere, mun yi wasu duwatsun da ba su da suna sai lambar da kamfani ya ba su. Leburori sukan wayi gari suna rawar ɗari a gindin wuta, haƙora na kaɗawa, ni kuwa sai an zo an taɓa ni da ƙafa. Sun ce tana da jinin Turawa, ba ta san wahalar ƙasar nan ba, shi ya sa suka sa mata Baturiya.

Sau ɗaya kawai ta taɓa jawo mini magana. A wani tsauni bayan Bwari, mata masu zuwa itace da sassafe suka iske ni miƙe a gindin dutse, an ja igiya, ba motsi. Suka zubar da gatari suka koma gari. Na farka na ji muryoyi a kaina, wani yana cewa a kira mai unguwa, wani yana cewa kada a taɓa sai 'yan sanda sun zo, wani dattijo kuma yana mamakin yadda mutanen birni suka fara yi wa likkafani zif. Na ja, ta ce zuuur, na leƙo na ce musu ina kwana. Kafin in rufe baki babu kowa a wurin sai wata tsohuwa da gudu ya fi ƙarfinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, tunda ka fasa, zo ka ɗora mini itacen nan."

Marigayiya ba ta taɓa ganin ruwan wanki a hannuna ba. Gaskiya tana da ƙamshi irin nata: hayaƙin itace, man dizal, da safar direba. Ni ban damu ba. Matata Nafeesa ta damu. Nafeesa 'yar Kano ce, mahaifinta ɗan kasuwar shadda ne, ta tashi a gidan da ba a barin ko hular yaro ta kwana da datti. Duk dawowata daga aiki sai ta ɗaga jakar da yatsa biyu ta ce, "Baban Bilqis, don Allah ka bar ni in ɗauraye wannan abar, ƙudan unguwa duk sun san ranar dawowarka."

Ni kuma amsata ɗaya ce kullum. "Kada ki sa mata ruwa. Irin wannan sai ƙwararru."

Abin da nake nufi shi ne masu injin wanki na Wuse, waɗanda nake burin kai ta wurinsu ranar da albashina ya zama na wata-wata. Nafeesa ta ji maganata, ta riƙe ta. Ko sau ɗaya ba ta saɓa ba.

Ranar da Oga Thaddeus, shugaban sashen motoci, ya tara mu ya ce ina cikin masu tafiya Mambila, na dawo gida da tsire. Nafeesa ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Ta fara lissafin makarantar da za a mai da Bilqis, da ɗaki mai banɗaki a ciki, da katin asibitin kamfani. Washegari na tafi gareji duba birki da tayoyi. Ita kuwa ta tsaya ta dubi Baturiya a rataye a ƙusa, ta ga cewa mijinta zai kwana kusa da injiniyoyi na tsawon watanni, zai zama ma'aikacin dindindin, kuma ba zai yiwu ya tafi da abin da ke warin gareji ba.

A gidan su Nafeesa, in an ce ƙwararru a kan tufa mai daraja, wuri ɗaya ake nufi. Can ake kai rigunan mahaifinta, can aka kai kayan aurenmu. Ta naɗe marigayiya, ta goya Bilqis, ta shiga mota har Durumi, inda wasu Kanawa suke da mabuga, wato rumfar da ake sa wa shadda sitaci, a ɗora ta a kan gungumen itace, a yi ta dukanta da guduma har ta yi sheƙi. Ta miƙa ta ga babbansu, Malam Badaru, ta ce, "Baba, aikin manya za a yi mata. Kada a rage komai. Maigidan zai yi tafiya da injiniyoyi."

Abin da ya biyo baya daga bakin Malam Badaru na ji shi, kuma na yarda da shi, domin yana faɗa yana share ido.

Sun fara da ruwan zafi da garin sabulu. Nan gashin cikinta ya cure ya zama dunƙule-dunƙule. Suka ga ta yi laƙwas, suka ce ƙila sitaci take so, suka ba ta mai kauri, irin na babbar riga. Ta sha rana ta bushe. Sannan aka shimfiɗa ta a kan gungume, ƙarti biyu suka zauna suna fuskantar juna, kowa da gudumarsa.

"Malam Sale," in ji shi, "tun ina yaro nake bugu, ban taɓa ganin tufa ta yi numfashi ba sai ranar. Dukan farko ta ce fuuu. Yaran suka dube ni. Na ce ku ci gaba, iska ce."

Suka ci gaba. Tim, tim, tim, tim. Haƙoran zif suka fara tsalle kamar masara a kasko. Sai ɗinkin ciki ya fashe, na gefe ya bi shi, gashin da bai cure ba ya tashi sama ya cika rumfar. A kan igiya akwai riguna na wani babban mutum da zai aurar da 'yarsa, an sa musu sitaci ba su bushe ba. Gashin ya sauka a kansu ya manne. Malam Badaru ya ce har yau suna tsince shi da hannu, kuma mai rigunan ya daina amsa gaisuwarsa.

Ba su gudu ba, ba su ɓoye ba, wannan zan faɗa a kansu ko a gaban wa. Sun share abin da suka iya sharewa suka mayar ciki, da yashi da zare da duk abin da tsintsiya ta kwaso. Suka kira tela ya kama bakin. Da suka ga ta yi kumburi nan, ta lotsa can, sai ɗaya daga cikinsu ya ce dutsen guga zai daidaita ta. Aka zuba gawayi. Ya ɗora a daidai ƙirji. Ta ce tsss, ta narke.

Na dawo daga gareji da la'asar na tarar an share ɗaki, an kunna turaren wuta. Nafeesa ta ce in rufe ido. Ta ɗora mini wani abu a hannu, a cikin leda, an linke shi kusurwa huɗu. Ba nauyi, ba kauri. Na ɗauka kalanda ce.

Ta ce, "Buɗe ka gani. Wurin ƙwararru na kai ta, yadda ka ce. Sun ce an ɗan sami ƙuna a gaba, amma sun yi faci. Dubi yadda take sheƙi."

Tana sheƙi kuwa. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Na warware ta, ta ce ƙaƙas, kamar kilishi. Na matse ta a hannu na saki. Na jira. Ba ta tashi ba.

Na ce, "Ta yi kyau. Sannu da ƙoƙari."

Nafeesa ta dubi jakar, ta dubi fuskata. Murmushin ya tsaya a inda yake na ɗan lokaci, kamar bai sami labari ba, sannan ya tafi. Ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Ba su ba ne ƙwararrun?" Na zauna kusa da ita, jakar a cinyata.

Ba mu bar marigayiya ba tare da neman magani ba. Mun jiƙa ta a ruwan sanyi don sitacin ya fita, mu biyu, Nafeesa tana murzawa a hankali kamar mai wankan jariri. Mun shanya ta a inuwa. Mun zauna muna warware dunƙulen gashi da yatsu ta bayan ƙyalle, har yatsunmu suka yi ciwo. Maigidan da muke haya a wurinsa, Baƙo, wanda gonarsa ce ta zama unguwarmu, ya zo da ƙullin gashin kaji a leda ya ce, "Sale, matana ya yanka biyu jiya, ga gashi, ka ƙara masa." Na karɓa na gode. Mai katifa ya cusa mata audugar rimi a inda ta lotsa. Tela ya cire mataccen zif ya sa mata na jakar Gana-mas-go. Da aka gama ta yi nauyi, ta yi ƙiba, ta koma kamar matashin kai da ya yi hatsari. Amma ta yi kauri, ni kuma ina neman abin da zan riƙe.

Ba zan hau Mambila da zato ba. A Abuja kuwa babu sanyin da zai gwada ta sai wuri ɗaya. Na je wurin Madam Cynthia mai sayar da kifin sanyi a bakin titi, wadda na sha ɗauko wa kaya in na dawo da mota ba komai. Na roƙe ta ta bar ni in kwanta a ɗakin ƙanƙararta.

Ta ce, "Oga Sale, kai lafiya? To shiga. Amma in ka mutu a ciki, ni ban san ka ba, kifi kawai na ajiye."

Na shimfiɗa tabarmar roba tsakanin kwalayen kifi. Na shiga. Sabon zif ɗin bai ce zuuur ba, sai kar, kar, kar, ya tsaya a tsakiya, na ja da ƙarfi ya ƙarasa. Aka rufe ƙofa. Da farko na ji ɗumi, har na fara yi wa Allah godiya. Sai sanyi ya shigo ta baya, inda audugar ta zame. Ya shigo ta zif, inda babu leɓe. Ya sami facin ƙirji ya shiga kamar gidansa. Na ja igiyar hula, ta tsinke a hannuna. Na ce bari in ƙara daurewa, ƙila jiki ne bai saba ba. Sai tarin ya zo. Na san shi. Shi ne na Pankshin, mai tasowa daga ƙasan haƙarƙarin hagu, bai manta hanya ba.

Na juya don in tashi. A da, in na juya takan ce shaf, shaf. Ran nan ba ta ce komai ba. A nan na san ta tafi. Na rarrafa na buga ƙofa.

Ko gida ban koma ba, na shiga neman magajiya. Abraham yanzu ba ya cikin rumfa, yana da shago da fanka. Da ya gan ni ya yi dariya ya ce, "Oga Sale, wancan lokaci ka cuce ni, na gane daga baya. Yanzu yaran nan masu hawan dutse ranar Asabar suna biya tun ba a buɗe dila ba." Ya fito mini da abin da ya rage. Ɗaya mai furanni, shara-shara, ana ganin hasken fanka ta cikinta, irin ta kwanan falo. Ɗaya ta yara, mai hoton ɓera da jan wando, da ƙyar ta kai mini ƙirji. Na ɗauki ta yaran, domin ita ce ta tashi da na matse ta.

Na je Nyanya, na je Mararaba, babu. A wani kanti a Wuse na ga 'yar'uwar marigayiya a rataye cikin sanyin na'ura, launi ɗaya, hula ɗaya. Na juya takardar farashi. Na sa yatsa na goge sifilin ƙarshe ko ƙuda ne ya sauka a kai. Bai tashi ba. Yarinyar kantin ta tambaye ni ko Oga ne ya aiko ni. Na ce e, zan je in gaya masa.

Ranar Alhamis aka yi duban kaya a harabar kamfani. Kowa ya shimfiɗa nasa a gaban motarsa. Na shimfiɗa barguna biyu, da babbar leda, da jakar yara mai ɓera. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Oga Thaddeus ya tsaya a kaina ya daɗe.

Ya ce, "Ina Baturiya?"

Na ce, "Allah ya yi mata rasuwa, Oga."

"Wannan fa?"

"Ƙafa a cikin jaka, bargo biyu a sama, leda ta tare raɓa. Na gwada lissafin, zai yi."

Tarin ya zaɓi wannan lokacin ya fito. Na danne shi, ya ƙi.

Ya ce, "Sale, ni na riƙe kanka a bayan fikof daga Pankshin, kana numfashi kamar tsohon janareta. Mambila ya fi Pankshin. Hazo yana kwana a ƙasa, bargo ba ya bushewa, asibiti yana da nisa. Ba zan je Lugbe in tsaya gaban matarka in yi bayani ba. Ba Godfrey makulli."

Godfrey yaro ne a aikin, ni na koya masa yadda ake saukowa gangare da kaya. Yana da jakar barci ta soja da wansa ya ba shi. Ya karɓi makullin da hannu biyu, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba Sale, yi haƙuri." Na gaya masa giya ta uku tana fita da kanta in mota ta yi zafi, ya riƙa dafe ta. An kuma sanar da mu a wurin cewa aikin Mambila shi ne na ƙarshe a manyan ayyuka. Duwatsu sun ƙare, kowanne ya sami ƙarfensa. Bayan shi kamfani ba zai ƙara kiran direban wucin gadi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar tabarmar roba, abokiyar zamanta, wadda yanzu take jingine a bayan ƙofa ba ta san abin da za ta yi da kanta ba. Ta bar 'yar jakar da ake cusa ta a ciki, wadda Bilqis ta mayar gidan 'yar tsana. Ta bar tocila mai ido ɗaya, da filas ɗin shayi, da safa ƙafa uku. Ta bar dangi masu yawa a Durumi, manne a jikin rigunan mutane. Ta bar ni. Ta kuma bar Nafeesa, wadda tun ranar ba ta kunna turare ba, ba ta ci abin kirki ba, kuma in na shigo ɗaki sai ta sami aikin yi a waje. Na gaya mata ba laifinta ba ne, na rantse mata. Ta ce ta ji. Jiya na iske ta a bayan ɗaki da marigayiya a cinya, tana ta warware dunƙulen gashi da yatsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, bayan an fito masallaci, a ƙarshen 'yar gonar da ta rage wa Baƙo, gindin bishiyar kashu. Shi ya ba da wurin, ya ce masu awon fili ba za su iso can ba sai baɗi. Na tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa jaka salla, amma zai zo ya tsaya saboda ni. Malam Badaru ya aiko cewa zai kawo goro, na ce ya zo, ba mu riƙe shi da komai ba.

Ana roƙon masu halarta kada kowa ya sa shadda mai sitaci ko wadda aka buga. A zo da kayan gida. Wanda zai yi ta'aziyya ya fara da Nafeesa, kuma kada a tambaye ta yadda abin ya faru. Ba za a yi zaman makoki ba, domin ranar Litinin zan fita zagayen gareji-gareji, ko akwai mai tifa ko mai bas da ke neman direban da ba ya iya kwana a waje.

A daidai lokacin binnewar ne motocin kamfani za su fito su bi babban titi zuwa Mambila. Daga gindin kashun ana ganinsu. In kun ji hon sau biyu, Godfrey ne, ya ce zai yi. Ina roƙon wani ya ɗaga masa hannu a madadina, domin ni zan kasance a durƙushe. Nafeesa ta ce ita za ta naɗe marigayiya da hannunta kafin a sa ta a rami, amma in tsaya kusa da ita, in gaya mata dalla-dalla yadda ake yi.

Allah ya ba mu haƙuri.

Sanarwa daga Sale Umar, direba, Lugbe, a madadin iyalai.